Karatun Hira A Ƙasar Gaya Da Ajingi

Idan kaka ta wuce, an kai gero da dawa rumbu, an ɗaure harawa a kan bishiya, mutanen ƙasar Gaya da Ajingi su kan sami sararin da ba su da shi da damina. Waɗansu su tafi cin rani Kano, waɗansu su koma lambu, waɗansu kuwa su zauna gida suna ɗan gyare-gyaren danga da jinka. A wannan lokaci ne mutumin da ya gama ajin yaƙi da jahilci ya ke fuskantar wata tambaya wadda malaminsa bai ba shi amsarta ba, watau me zai karanta yanzu? Littafin aji ya ƙare, ya ma haddace shi. In ya zauna rani guda bai buɗe takarda ba, kafin ruwan shuka ya sauka baƙaƙen da ya sha wuyar koyo sun fara ɓace masa, sai ya ga yana tsayawa kan kalma yana lalube kamar ranar da ya fara.

Hukuma ta daɗe da sanin wannan. A farkon shekarun 1950, sa'ad da aka ɗaura yaƙi da jahilci gadan-gadan a Jihar Arewa, an kafa hukumar NORLA a Zariya don ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna saboda sababbin masu karatu, Lardin Kano kuwa jaridarsa ita ce Sodangi. An rufe hukumar a 1959. A 1980 gwamnatin Kano, zamanin Abubakar Rimi, ta kafa hukumar ilmin manya, wadda har ta sami lambar yabo daga UNESCO a 1983. Azuzuwa sun yawaita, amma abin karantawa bayan aji galibi an bar wa kasuwa. Abin da mai tallan littattafai ya shimfiɗa bisa tabarma ranar kasuwa, ko abin da ɗan'uwa ya sayo a tashar Wudil, ko abin da aka turo wa mutum ta waya, shi ne abincinsa. Shi ya sa ya kamata mu zauna mu duba irin wannan abinci, mu ga wanne ne ke ƙosarwa, wanne ne kuma ke cika ciki kawai.

Tun da fari sai mu kawar da wata magana. Akwai dattawa masu cewa littafin labari ƙarya ce aka ɗinke, karanta shi kuwa ɓata lokaci ne. Wannan ra'ayi ba sabo ba ne. A 1933, da Rupert East ya zaga garuruwa yana neman malamai su shiga gasar rubuta labarai, abin da ya fi ba shi wuya shi ne shawo kansu su yarda cewa ƙaga labari aikin mai ilmi ne, don su a ganinsu tatsuniya ta mata da yara ce. Da ba a shawo kansu ba, da ba mu sami Ruwan Bagaja ba, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Har a 2007 an tara waɗansu littattafan soyayya an ƙone a Kano, wai suna ɓata tarbiyya. Ni dai a ganina wuta ba ta iya bambanta littafi mai kyau da maras kyau. Mai karatu ne ke iyawa, in an nuna masa inda zai duba.

Bari mu fara da littattafan bincike, watau waɗanda a ke aikata laifi a cikinsu, kisa ko sata, sa'an nan a bi diddigi har a gano mai laifin. Turawa sun daɗe da ƙwarewa a wannan fanni. Wani Ba'amurke, Edgar Allan Poe, shi a ke cewa ya buɗe ƙofar a 1841. A 1887 Conan Doyle na Ingila ya fito da Sherlock Holmes, mai duban takalmin baƙo da hannunsa ya gaya masa daga inda ya fito. A 1920 kuma Agatha Christie ta buga littafinta na farko. Sharaɗin wannan irin labari guda ne, amma mai tsanani: dole marubuci ya ajiye dukkan alamu a gaban mai karatu tun kafin ƙarshe, yadda in an bayyana mai laifi, mai karatu zai koma baya ya ce, ashe ga shi nan an nuna mini, ni ne ban lura ba. Kacici-kacici ne dai mai tsawo. Kowa kuwa ya san wanda ya yi kacici-kacicin da amsarsa ba ta cikin tambayarsa, yara ma ba su ba shi gari.

Kada wani ya zaci wannan hikima baƙuwa ce a wurinmu. A ce an kwance wa wani sa da dare a wani ƙauye wajen Kademi. Da asuba a kan kira mai bin sawu. Ya durƙusa ya dubi kofato, ya ga sawun mutum biyu, ɗaya da takalmin roba ɗaya ba takalmi, ya lura mai takalmin yana jan ƙafar hagu, ya ga inda raɓa ta sauka a kan sawun ya san ɓarayin sun wuce tun tsakar dare. Ya bi ta cikin karan dawa, ya ɓace a kan fako, ya zaga ya sake tsinto shi a bakin rafi. Wannan mutum bai taɓa jin sunan Holmes ba, amma aikinsu ɗaya. Haka kuma labaran alƙalai masu hikima da na ɓarayi masu wayo, irin waɗanda Abubakar Imam ya zuba a cikin Magana Jari Ce tsakanin 1937 da 1939, duk daɗinsu yana wurin yadda hankali ke kama ƙarya.

To, amma abin da ya fi shigowa hannun 'yan makarantarmu a shekarun 1970 da 1980 ba irin na Christie ba ne. Littattafan James Hadley Chase ne, Baturen Ingila wanda ya gina yawancin labaransa a Amurka, da bindiga da mota da kuɗin sata. A irin nasa, sau da yawa tun shafin farko ka san mai laifi, kana biye da shi, abin da ka ke jira kawai shi ne ta inda zai faɗi. Wannan tafarki ne marubutanmu suka fi bi. Babban misali shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982 daga cikin littattafan gasar da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya. Labarin Mailoma ne, wanda ya yi soja lokacin yaƙin basasa, ya komo ya tara 'yan ta'adda. Littafi ne mai ƙarfi, Hausarsa kamar dukan guduma, kuma ya hango wani abu tun da wuri, watau abin da ke faruwa idan makami ya fita daga bariki ya shiga hannun wanda ya saba da jini. Wanda ya karanta shi yau, da labarin 'yan bindiga ke cika rediyo, jikinsa zai yi sanyi. Aibinsa a wurina shi ne marubucin ya kan tsaya kan azaba da zub da jini fiye da yadda labarin ke bukata, har mai karatu ya fara shakkar ko ana tsoratar da shi ne ko ana ba shi sha'awa. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito daga wannan gasa, ya fi shi natsuwa. Maganar fasa-ƙwauri da cin hanci ya ke yi, yana nuna yadda attajiri da ma'aikaci ke rufa wa juna asiri. A shekarun 1990 kuma Bala Anas Babinlata ya yi suna da irin waɗannan labarai a kasuwar Kano, kuma ya iya riƙe mai karatu ya hana shi barci.

Waɗanda suka biyo baya da yawa, musamman masu rubutu a waya yanzu, sun ɗauki bindigar sun bar binciken. Za ka ga an kashe Alhaji a babi na ɗaya, an kawo ɗan sanda mai kaifin basira, an yi ta yawo da shi har babi ashirin, bai gano kome ba. Can sai matar mamacin ta yi mafarki, ko a je wurin boka ya duba ƙasa, ko mai laifin ya kwanta ciwon ajali ya tara dangi ya faɗi kome da bakinsa. Wannan cin amanar mai karatu ne. An sa shi ya yi ta lissafi, ashe marubucin bai ajiye masa kome ba.

Ba ina cewa a kori boka da aljani daga labari ba ne. Dubi Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Abubakar yana son Zainabu, mai dukiya ya ƙwace ta, Abubakar ya shiga duniya neman asirin da zai rama, abin ya faɗa kan yaron da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo. Sihiri ne ke tuƙa labarin, amma an gaya maka tun farko, kana gani ana ƙulla shi. Tambayar da ke cikin littafin ita ce ina ramuwa ke kai mai ita, kuma an amsa ta da gaskiya. Abin da na ke ƙi shi ne marubuci ya ƙulla da hankali, in ya rasa yadda zai kwance sai ya kira aljani ya tsinke masa igiyar.

Akwai dalilin da ya sa na nace kan wannan. Littafin bincike na kirki yana koya wa mutum bambanci tsakanin zato da shaida. Wanda kowa ke tuhuma a babi na biyu, baƙo ne ko matalauci ko mai mugun kallo, galibi ba shi ne ba, mai karatu kuwa in ya sha faɗawa wannan rami sau uku sau huɗu, sai ya koyi jinkiri. A ƙasar da ihun ɓarawo a kasuwa ya isa a yi wa mutum rotse, ko a ce da tsohuwa mayya don yaro ya yi zazzaɓi ya ambaci sunanta, wannan jinkiri ba ƙaramin abu ba ne. Littafin da ya warware kisa da duban ƙasa kuwa yana koyar da akasin haka, yana cewa in an nuna maka mutum ka yarda kawai.

Wani abu kuma, kusan duk waɗannan labarai a Abuja a ke yinsu, ko Dubai, cikin gidaje masu bene da motocin da marubucin ke jera sunayensu kamar dillali. Ga Gaya nan, tsohon gari wanda tarihi ya ce daga cikinsa maƙeran Abagayawa suka tashi suka je Dala neman tama tun kafin a kafa birnin Kano. Ga rikicin iyakar gona, ga rabon gado, ga taki da ya ɓace tsakanin sito da manomi, ga buhun da aka auna da mudun da aka bubbuge gindinsa. Wanda zai ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ya gina bincike a kansa, a Toranke ko Balare, mai unguwa da mai bin sawu su ne masu binciken, lalle zai sami masu karatu waɗanda za su kama shi in ya yi kuskure, don sun san wurin. Watakila abin da marubuta ke gudu ke nan.

Sai kuma jan labari. Littafi na ɗaya, na biyu, na uku, har na huɗu, ko wanne ya tsaya daidai inda aka ɗaga wuƙa. Asalin wannan talauci ne, ba mugunta ba. Marubucin Kano shi ke biyan maɗaba'a daga aljihunsa, sai ya sayar da na ɗaya ya sami abin buga na biyu. Amma al'adar ta bi labari har cikin waya, inda a ke ba ka farko kyauta, in ka kamu a ce ka biya. Sakamakon haka, labarin da shafi tamanin ya ishe shi sai a ja shi ɗari uku, a cika da gaishe-gaishe da kwatancin abinci da sutura.

Labari cikin zane kuwa, watau inda a ke jera hotuna a akwati-akwati maganar kowa tana fitowa daga bakinsa, ba mu da shi da yawa da Hausa, abin takaici. Tsofaffin 'yan boko suna tuna mujallar African Film, mai ɗan bincike Lance Spearman, wadda ta yi tashe daga 1968 zuwa 1972, da hotunan mutane na gaske aka yi ta, amma da Turanci. Daga Ikko kuma Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super a 1976, inda Papa Ajasco ya fara. Nan Arewa an yi labaran Sauna, na wani Bature, John Hare, wanda ya yi rubutu da sunan Dan Fulani. Zane yana da tsada, mai zane kuma ya fi marubuci wuyar samu, kafin sana'ar ta kafu sai finafinan Indiya da na Kano suka cinye masu kallon.

Ga sabon mai karatu ba abin da ya kai wannan sauƙi, don magana gajera ce, hoto kuma yana riƙe da hannunsa in kalma ta ƙi. Mafi yawan na Hausa da ke isowa ƙauye na hukumomin lafiya ne, kan riga-kafi ko wanke hannu. Nufinsu mai kyau ne, amma labarin ba ya da rai: ga jahili mai gardama, ga malamar asibiti mai gaskiya, shafi na shida jahili ya tuba. Mai zanen kuma sau da yawa bai san ɗaurin zanen matan ƙasar nan ba, ko yadda a ke jinka ɗaki. Ga wanda idonsa ya saba da ajami kuma akwai wata 'yar wahala, ya kan fara daga akwatin dama, sai ya ji amsa kafin tambaya. Ƙaramar lamba a kan ko wane akwati ta isa ta magance wannan.

Saura littattafan da ba a karanta su da gudu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne uba a nan. Ɗan littafi ne siriri, ba kacici-kacici a ciki, tun farko ka san yaron da aka sace ya zama babban malami, don shi ne da kansa ke ba almajiransa labari. Duk da haka wanda ya bi uwar Umar tana neman ɗanta, ita ma aka kama ta aka bautar, aka ƙetara hamada da ita, ta gan shi bayan shekaru ta rasu ba da jimawa ba, zai ajiye littafin ya yi shiru. Marubucin bai ɗaga murya ya la'anci bauta ba ko sau ɗaya, ya dai nuna ta kamar yadda a ke nuna kasuwa, wannan sanyin murya kuwa shi ya fi ciwo. Waɗansu masana sun zarge shi da cewa ya yi wa iyayengijin bayi sassauci, tun da Umar a hannun ubangida mai kirki ya sami ilmi. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, amma labarin uwar ya amsa rabinsa. An fassara shi da Turanci a 1967, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976.

Kada a ɗauka irin wannan sai a tsofaffin littattafan Zariya. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, daga kasuwar Kano ya fito, wadda a ke raina wa. Alhaji Abdu ya yi amarya, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara, ta shiga sayar da abinci ta riƙe su. Ko wace mace a Ajingi ta san wata Rabi. Ƙarfin littafin yana wurin lissafin cefane, da abin da a ke bai wa uwargida da abin da a ke kashe wa amarya, da yadda dangi ke taruwa su matsa wa wadda aka zalunta ta yi haƙuri. Rauninsa shi ne sakayyar ta zo da sauƙi, 'yar Rabi ta auri mai kuɗi, kantin Alhaji ya ƙone. A duniya ba kullum gobara ke sanin kantin azzalumi ba. An fassara shi da Turanci a Indiya a 2012. Gasar Hikayata kuma, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, ta fito da gajerun labarai masu nauyi waɗanda tsawonsu ya dace da wanda bai daɗe da fara karatu ba.

Wanda ya fito aji bana, shawarata ya fara da Ruwan Bagaja, ya karanta wa iyalinsa da ƙarfi bayan sallar lisha. Dariyar da za a yi wa Malam Zurƙe za ta ɗauke shi ta ƙetare da shi kalmomin da suka yi masa tsauri. Ya ɗan dakata da labaran waya tukuna, saboda rubutunsu. Yawancin masu buga su ba su sa lanƙwasa a kan ɓ da ɗ da ƙ, ba su raba kalmomi bisa ƙa'ida, ba aya ba waƙafi. Tsohon mai karatu ya kan cika giɓin da kansa bai ma sani ba. Sabo kuwa, wanda malami ya wahala kafin ya nuna masa bambancin d da ɗ, sai ya tarar an rubuta cewa a daren da aka yi kisan, Sarkin Fawa ya tafi fada. In fada ya tafi, wurin hakimi, yana da shaidu goma da za su wanke shi. In kuwa faɗa ya tafi, shi ne mutum na farko da za a kama.